A bar masu dalilin auren jarumai su faɗi tasu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san zan ci fiye da kasona, don in mayar da martani ga malamin da ya rubuto muku kwanakin baya a kan finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki. Ya ce masu gardama kan wace ta dace da Spider-Man, ko wace ya kamata Captain America ya aura, marasa aikin yi ne, tunda waɗannan finafinai na naushi ne da fashe-fashe, soyayya kuwa ado ce kawai. Ya ƙara da cewa duk kashi na biyu ko na uku da ya fito sai sun kushe shi, saboda haka kushen nasu ba abin saurare ba ne. Maganarsa ta biyu akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, zan kuma zo kanta. Ta farkon ce ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, domin ni ma ina cikin marasa aikin yin, ga shi kuwa na haura arba'in.

A gidana wannan gardama ta kai shekara uku ba ta mutu ba. Babbar 'yata, mai shekara goma sha shida, tana bayan Gwen Stacy a matsayin wadda ta dace da Spider-Man. Ni ina bayan Mary Jane. Mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa zama ta kalli ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba, ita ta raɗa mana suna masu dalilin aure. Idan ta ji muryoyinmu sun fara tashi sai ta leƙo ta ce, "To, yau kuma wa za a aurar?" Na karɓi sunan hannu bibbiyu.

Abin da ya kai ni bayan Mary Jane minti biyar ne na ƙarshen Spider-Man 2, wanda Sam Raimi ya fitar a 2004. Ta bar angonta, ɗan sama-jannatin nan ɗan mai jarida Jameson, yana tsaye yana jira, ta sheƙo da gudu cikin farar rigarta har ƙofar ɗakin hayar Peter Parker, wato Spider-Man. Ta riga ta san ko shi wane ne, ta san maƙiyansa za su iya biyowa ta kanta, ta ce ta ji ta gani. Ba su gama magana ba jiniyar 'yan sanda ta tashi, ita da kanta ta ce masa ya tafi. Wani darakta da a nan zai rufe fim, da jarumi yana lilo a tsakanin dogayen gine-gine. Raimi ya mayar da kyamara kan fuskarta a bakin taga, murmushin yana gushewa a hankali. Wannan fuska alkawari ce aka yi wa ɗan kallo: a kashi na gaba za ka ga abin da wannan zaɓi zai jawo mata.

Shekara uku muka jira. Da Spider-Man 3 ya zo a 2007, mugaye uku aka jibga masa: Sandman, da Venom, da Harry Osborn da ya gaji kayan yaƙin ubansa. Aka bugi Harry a kai ya manta komai, don a ajiye shi gefe sai an buƙace shi. Aka koma aka sauya wanda ya kashe kawu Ben, abin da aka gama da shi tun fim na farko. Sannan aka shigo da Gwen Stacy ba don komai ba sai don Mary Jane ta yi kishi. Peter ɗin da muka sani da kunya da kawaici shi ne ya sumbaci wata a bainar jama'a, yana rataye kai a ƙasa, irin yadda ya taɓa yi da Mary Jane cikin ruwan sama, ita kuwa tana tsaye cikin taron tana kallo. Kuma a lokacin baƙar rigar da ke gurɓata hali ba ta ma hau jikinsa ba, balle a ɗora mata laifi. Matar da ta tsere daga wajen ɗaurin aurenta saboda shi, a ƙarshe an sake rataye ta a sama cikin mota tana ihu, karo na uku a fim uku ana sace ta. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 900, ya fi na farko da na biyu. Amma Raimi da bakinsa ya amsa daga baya cewa aikin bai yi kyau ba, kuma bai yi imani da dukan mutanen da ke cikin labarin ba, furodusa Avi Arad kuma ya yarda shi ya matsa a saka Venom. Kashi na huɗu aka soke shi a farkon 2010. Masu kukan an ɓata Mary Jane sun riga darakta faɗin gaskiya da shekaru.

'Yata takan ce, "Abba, ai wannan duk hujjata ce, taka ba ta iya komai ba sai ihu." Gwen ɗinta, wadda Emma Stone ta fito a matsayinta a 2012 da 2014, ɗalibar kimiyya ce, ita ta haɗa maganin da aka karya Lizard da shi, ita ta san yadda za a sarrafa tashar wutar lantarki a yaƙi da Electro. Ban musa ba. Duk wanda ya kalli The Amazing Spider-Man 2 ya san inda ran fim ɗin yake: duk lokacin da Andrew Garfield, mai fitowa a matsayin Peter, da Emma Stone suka tsaya suna magana, fim ya farka, da zarar an bar su sai ya koma tallan finafinan da ba a yi ba tukuna. Ga Electro, ga Green Goblin, ga Rhino, ga wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa cike da kayan mugayen da kamfanin Sony yake shirin haɗa wa nasu fim. Har Mary Jane an ɗauka, Shailene Woodley ta yi fitowarta, aka yanke ta gaba ɗaya kafin a saki fim ɗin. Mutuwar Gwen, wadda a fim ɗin ta faru a hasumiyar agogo, daga littafin zane na 1973 aka ɗauko ta, wanda Gerry Conway ya rubuta, kuma an ɗauke ta da kyau, ba na ja. Sai dai makokin bai wuce 'yan mintuna ba aka turo Rhino, saboda dole a rufe da faɗa. Kashi na ukun da zai nuna mana Peter bayan Gwen bai taɓa zuwa ba. A Fabrairun 2015 Sony ta ƙulla yarjejeniya da Marvel, aka sake sabon lale da Tom Holland a matsayin Spider-Man.

Ga abin da malamin bai lura da shi ba. Faɗa a waɗannan finafinai kusan duk ɗaya ne, kuma yawancinsa a kwamfuta ake ƙera shi, wani lokaci tun kafin a gama rubuta labari. Kowane kamfani mai kuɗi zai iya rusa birni a majigi. Inda ake gane ko marubucin kashi na biyu ya kalli na farko da idon basira shi ne mu'amalar jarumi da mutanensa: wa yake so, me ya yi mata alkawari, me ya sa ya sauya. Masu dalilin aure su ne suke riƙe da wannan lissafi. Suna tuna kallo ɗaya da aka yi shekara biyar baya, suna tuna zobe, suna tuna kalmar da aka faɗa a bakin ƙofa. Idan suka yi ihu, sau da yawa bashi suke bi.

Ɗauki Bruce Banner, mutumin da ke rikiɗa ya zama Hulk. A fim ɗin Hulk na 2008 duniyarsa duka Betty Ross ce, ita kaɗai ke iya tsayawa gabansa idan ya rikiɗe. Sai a 2015, a Age of Ultron, muka wayi gari Natasha Romanoff, jarumar da ake kira Black Widow, ce ke lallashinsa, har suna shawarar su gudu tare. Yaushe aka fara? Ba a nuna mana ba. Betty ko sunanta ba a ambata ba, ba ta sake bayyana ba sai 2025, bayan shekara goma sha bakwai. 'Yan kallo da yawa sun ɗauka Clint Barton ne na Natasha, saboda yadda fim ɗin Avengers na 2012 ya nuna shaƙuwarsu, sai aka fito masa da mata da 'ya'ya a wata gona da ba wanda ya san da ita. Wannan ni bai dame ni ba, abota tsakanin mace da namiji ma abin nunawa ce. Abin da ya tayar da ƙura shi ne hirar da aka sa Natasha ta yi da Bruce a gonar, inda ta ba shi labarin yadda aka hana ta haihuwa a makarantar da aka horar da ita kisa, a numfashi guda kuma ta kira kanta dodo. Ko me marubucin ya nufa, mata da yawa abin da suka ji shi ne an haɗa rashin haihuwa da zama dodo. Bayan duk wannan rigima, me aka yi da soyayyar? Da suka sake haɗuwa a 2018, kowa ya kira sunan ɗan'uwansa, shi ke nan. An ɗaga ta sama an sake ta, ba wanda ya tare.

Na Sharon Carter ya fi ban haushi. A Civil War na 2016 Peggy Carter, tsohuwar masoyiyar Captain America, ta rasu da tsufa, aka yi jana'izarta a Landan, a wajen ne Steve Rogers, wato Captain America ɗin, ya gane cewa maƙwabciyarsa ta da, Sharon, 'yar dangin Peggy ce, inna take ce mata. Kwanaki kaɗan bayan haka ga su a ƙarƙashin gada yana sumbatarta, abokansa biyu suna cikin wata tsohuwar ƙaramar mota suna gyaɗa kai. Ranar da muka kalla, 'yata ta tsayar da fim ɗin ta juyo ta ce, "Abba, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba fa." Sharon ta sato masa garkuwarsa, ta rasa aikinta da ƙasarta saboda shi. Daga nan ba ta sake buɗe baki a fim ba sai a 2021, a wani shiri mai dogon zango, inda aka same ta tana gudun hijira, zuciyarta ta ƙeƙashe, ta zama dillaliyar miyagu. Ni dai ban ga laifinta ba. Jane Foster kuwa, wadda Thor ya yi fim biyu yana haƙilo a kanta, a Ragnarok na 2017 wasu 'yan mata ne a bakin titi suka jajanta masa cewa ta rabu da shi, aka yi dariya aka wuce.

Sai babbar gardama, ƙarshen Endgame na 2019. Steve ya koma baya cikin zamani don ya mayar da duwatsun nan shida masu ƙarfin ban mamaki inda aka ɗauko su, ya ƙi dawowa, ya zauna da Peggy, aka rufe fim suna rawar da ya yi mata alkawari tun 1945. Na ji hawaye a idona, ba zan ɓoye ba. Amma da na kwana na tashi sai tambayoyin yarinyar nan suka hana ni sakat. Peggy ta yi aure, ta haihu, ta yi rayuwarta. A fim na 2014 an nuna ta cikin wani tsohon faifai tana maganar mijinta, an kuma nuna ta a gadon jinya da hotunan iyalinta a gefe. Ina aka kai wannan miji? Bucky, aminin da Steve ya yaƙi rabin abokansa saboda shi, an bar shi a zamanin da bai san kowa ba. Kuma mutumin da muka sani ba ya iya ganin zalunci ya kau da kai, shi ne zai zauna shekara saba'in a falo yana sane da duk abin da zai faru? Abin dariyar, daraktocin fim ɗin, 'yan'uwan nan Russo, sun ce wani reshen zamani dabam ya tafi, marubutan kuma, Markus da McFeely, suka ce a'a, a wannan zamanin namu ya zauna, shi ne ma mijin da ba a taɓa nuna fuskarsa ba. Masu fim ɗin da ya tara kusan dala biliyan 2.8 ba su daidaita a kan ma'anar ƙarshensa ba, sai ɗan kallo ne mara aikin yi don ya tambaya?

Dalilin wannan ɓaranɓarama ba ɓoyayye ba ne. A Oktoban 2014 Marvel ta tara 'yan jarida ta karanto sunayen finafinai da ranakun fitarsu har zuwa 2019. Rana ake fara sawa, labari ya biyo baya. Marubuci ya karɓi mutanen da wani ya gina, ya miƙa su ga wani da bai san me zai yi da su ba. Ga kwantiragin 'yan wasa. Cyclops, mijin da labarin X-Men ya tanadar wa Jean Grey, an kashe shi a farkon fim na uku a 2006, ko gawarsa ba a nuna ba sai tabarau yana shawagi a bakin tafki, a daidai lokacin da James Marsden ya bi darakta Bryan Singer zuwa fim ɗin Superman. Aka bar wa Wolverine fili. Sai da aka yi wani fim a 2014 aka goge wannan duka, aka dawo da su da rai, wato kamfani ya amsa laifi ba tare da ya furta ba. Idan kuma kashi na farko ya kashe saurayi, amma 'yan kallo suna sonsa, sai a nemo dabara ko ta halin ƙaƙa. A Wonder Woman 1984 an dawo da Steve Trevor, wanda ya mutu tun 1918, a cikin jikin wani bawan Allah da ba a nemi izininsa ba, fim ɗin kuma bai ko tsaya ya tambayi ina ran mai jikin ya tafi ba.

Ba wai ba a iyawa ba ne. Christopher Nolan ya sauya 'yar wasan da ke fitowa a Rachel Dawes, masoyiyar Batman, tsakanin 2005 da 2008, daga Katie Holmes zuwa Maggie Gyllenhaal, amma bai sauya matar ba. A The Dark Knight ta zaɓi Harvey Dent, ta rubuta wa Bruce Wayne, wato Batman, wasiƙa ta ba tsohon hadiminsa Alfred. Ta mutu, Alfred ya ƙona wasiƙar don kada ya ƙara wa maigidansa ciwo, Bruce ya yi shekara takwas a kulle yana zaton shi ta zaɓa. A fim na uku tsohon ya faɗa masa gaskiya, abin da ya raba su ke nan. Takarda guda ta ɗauki nauyin fim biyu. Ban taɓa jin an yi wata babbar rigima kan wa ya dace da Rachel ba, domin marubutan sun bar ta ta zaɓa da kanta, suka kuma tsaya a kan zaɓin. Haka Tony Stark, wato Iron Man, da Pepper Potts, daga 2008 zuwa 2019, da ɓatawa da shiryawa har 'ya ta shiga tsakani.

Yanzu ga inda nake tare da malamin. A cikinmu akwai waɗanda suka mayar da ra'ayi addini. Bin bashin labari dabam, zagin 'yar wasa dabam. Ita aiki aka ba ta, ba ita ta rubuta ba. An yi wa Joss Whedon, daraktan Age of Ultron, ruwan ashar a 2015, har ya rufe shafinsa na Twitter, ko da yake shi ya ce don ya samu natsuwar rubutu ne. An kushe Zendaya, mai fitowa a matsayin MJ, masoyiyar Peter ɗin Tom Holland, saboda launin fatarta tun kafin kowa ya ga fitowarta. A 2019 wasu suka yi wa Captain Marvel taron dangi da mugayen sharhi alhali fim ɗin bai fito ba, har shafin sharhin finafinai na Rotten Tomatoes ya hana yin sharhi kafin ranar fitowa. Masoyan darakta Zack Snyder sun yi shekaru suna kiran a saki nasa Justice League ɗin, suka samu a Maris 2021, awa huɗu cur, sun kuma tara kuɗi masu yawa don yaƙi da kisan kai, abin a yaba. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka addabi duk wanda ya ce fim ɗin bai burge shi ba. Tsorona shi ne darasin da kamfanoni suka ɗauka: a ba mai ihu abin da yake so. Daga nan sai fim ya zama jerin fuskokin da aka yi kewa, kowa ya leƙo a tafa masa ya koma.

Kuma muna da saurin mantuwa, wannan ma gaskiya ne. Mutanen da suka yi wa Garfield tofin Allah tsine a 2014 su ne a 2021 suka cika duniya da roƙon a yi masa kashi na uku. Rawar da Tobey Maguire, Peter ɗin finafinan Raimi, ya taka a titi a Spider-Man 3, wadda aka yi shekara goma ana yi wa dariyar ƙeta, yanzu ita ake yaɗawa da ƙauna. Ni kaina na taɓa rantsuwa ba zan sake kallon Spider-Man 3 ba, na kalle shi sau huɗu tun daga lokacin.

Sai dai ko a wancan fim na 2021, No Way Home, mai mugaye biyar da Spider-Man uku, a tambayi duk wanda ya kalla wane wuri ne ya fi tsaya masa a rai. MJ ta faɗo daga sama, Peter ɗinta ya kasa kai wa gare ta, na Garfield ya yi tsalle ya cafe ta, ya sauke ta lafiya, ya tambaye ta ko ba ta ji ciwo ba, sai fuskarsa ta karye. Daƙiƙa kaɗan ne, ba a ambaci Gwen ba a wurin. Shekara bakwai ana bin wannan bashi, wasu marubuta dabam suka biya. 'Yata ta yi kuka har da shessheƙa, ni kuma na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

A kan ƙarshensa ne muka buɗe sabon babi. Duniya duka ta manta da Peter Parker, har MJ. Ya yi mata alkawari zai nemo ta ya tuna mata. Ya zo shagon da take aiki da 'yar takardar da ya rubuta jawabinsa, ya ga filastar da ke goshinta, ragowar raunin da ta samu saboda shi, sai ya mayar da takardar aljihu ya fita. Ni na ce ya yi abin da namiji mai hankali zai yi. 'Yata ta ce, "Abba, kai ne fa kake yabon Mary Jane don ta ce a bar ta ta zaɓa da kanta. Wannan wa ya tambaye ta?" Na buɗe baki na rufe. Mahaifiyarta daga ɗaki ta ce a rubuta, yau an ci Abba ɗaya da nema.

Idan malamin yana da amsar da zan ba yarinyar nan, don Allah ya rubuto, ku buga.

Naka,
Mai karatu, uban 'yan mata uku.